Zanen da Na Ƙi Rufewa a Birnin Alli

"Ba zan tashi ba," na ce da shi. "Wanda ke son zane shi ke zuwa wurin mai zane."

Rana tsaka ce, ina zaune a rumfata ina dama shuni, sai ga mutumin nan tsaye a bakin ƙofa. Ban ji takunsa ba, bai kuma yi sallama ba. Dogo ne ƙwarai, rigarsa fara fat kamar da nono aka wanke ta. Cewa kawai ya yi, "Barira 'yar Magini Ɗanlami, Sarki Jangarma na Birnin Alli yana kiranki. Ɗauki kayan aikinki ki biyo ni." Abin da ya sa na dube shi da kyau, sai da bakinsa ya rufe tukuna sannan maganar ta iso kunnena. Na dubi ƙasa. Tulun da ke waje yana da inuwa, akuyar maƙwabta tana da inuwa, shi ba shi da ita.

Ni ba mai saurin razana ba ce. Na gama kwalejin koyon zane na dawo garinmu Rafin Ɗorawa, kuma abin da na zaɓi zanawa shi ne abin da mutane ke gudu: fatalwa a bakin rijiya, mazauna kogon kuka, inuwar da ke wucewa ta bayan danga. Mutanen gari suna cewa boko ya taɓa mini kai. Ba su san ba a boko na samo ba, a gindin kakata na samo.

Iya Tasalla mai zanen ƙwarya ce. Da wuƙa mai zafi take aiki, gidanmu kullum yana ƙamshin ƙonannen duma. Tun ina ƙarama ta kafa mini doka ɗaya. "Duk abin da ba shi da jiki, matacce ne ko aljani, in kin zana shi kada ki haɗe layin da ya kewaye shi. Ki bar ƙofa ta gabas, ko da faɗin ƙwayar gero ce. Baƙo ne, zai leƙo ya ga kansa ya fita. In kin rufe, kin ɗaure shi." A kwaleji malamai sun yi ta rage mini maki saboda wannan ƙofa, suna cewa aikina bai kammala ba. Na bar musu makin, na riƙe ƙofata. Da daminar nan Iya ta rasu.

Jakadan bai yi musu da ni ba. Hannu ya sa cikin riga ya ciro wata 'yar gora da aka liƙe bakinta da kakin zuma, ya ɗaga ta kusa da kunnena. Na ji tari, irin busasshen tarin masu aiki da hayaƙi. Sai muryar Iya ta ce, "Kai, wannan wuri da matsi yake. Ko ƙafa ba a miƙewa."

Kwanon shuni ya suɓuce daga hannuna. Na tattara buroshina, da shuni, da jar ƙasa, da gawayi, da ƙaro, na ɗaure a gefen mayafi.

"Wuce gaba," na ce. "Amma ka sani ba kiran sarkinka na amsa ba."

Ya bi da ni ta bayan gari zuwa tsohuwar marina da aka daina rini a cikinta tun kafin a haife ni. Ya tsaya a bakin wani busasshen karofi, ramin rini, ya taka cikinsa kamar mai sauka daga matakala, na bi shi. Muna sauka duhu yana yin shuɗi, shuɗin yana yin haske, har na rasa ko ƙasa muke yi ko sama. Da ƙafata ta taɓa tudu sai na ga mun fito wani fili na toka, ba iyaka, ba itace, ba tsuntsu. Rana tana tsaye a tsakiyar sama, fara kamar faifai, ba ta motsi. Tokar tana da zafi, tana shiga takalmi tana cin tafin ƙafa. Ƙishirwa ta kama ni har harshena ya manne. Ban roƙi jakadan ruwa ba.

Can sai tokar ta fara tashi tsaye. Halittu ne, dogaye da gajeru, suna fitowa daga ƙasa suna kewaye mu. Wani yana da wuya kamar zalɓe, wani gashinsa yana ci da wuta mara hayaƙi, wani idanunsa suna kewaya kansa kamar ƙudan zuma. Ba su taɓa ni ba. Hannuna kawai suke kallo.

Wata tsohuwa a cikinsu ta matso, fatarta kamar ɓawon gawo, ta durƙusa. "Ya ke 'yar Adam mai hannu, mu jinsi ne da ruwa ba ya nuna mu, madubi ba ya riƙe mu. Na ga tashin duwatsu, na ga ƙafewar tafkuna, ban taɓa ganin fuskata ba. Ki nuna mini ni."

Jakadan ya ce, "Korarru ne. Sarki ya hana a yi musu zane. Wuce."

"Sarkinka ne, ba nawa ba," na ce.

Na durƙusa na share toka da tafin hannu, na zana ta da yatsa: faɗin goshin, da ramin kumatu, da idonta guda mai kama da tauraro a cikin rijiya. Na bar ƙofa ta gabas. Ta daɗe tana kallo. Duk taron ya yi tsit, har wutar gashin wancan ta kwanta. Sannan ta ce, "Ashe haka nake. Ashe ina kama da uwata." Inda hawayenta suka ɗiga a toka, ƙananan furanni suka tsiro nan take suka bushe.

Ta kama gefen mayafina ta yi ƙasa da murya. "Abu biyu zan ba ki. Layin da aka rufe da tilas ba ya ɗaure kowa, don haka sarki zai iya azabtar da ke, amma ba zai iya motsa hannunki ba. Kuma in shuni ya bushe, magana ta ƙare, ba mai sake haɗe shi."

Muka ci gaba har muka iso wani kogi na ruwan baban rini, shuɗi har ya koma baƙi, yana gudu ba ƙara. Jirgin fiton ƙwarya ce guda, girmanta ya kai ɗaki. Da na shiga na shafa gefenta sai na ji tabon wuƙa ƙarƙashin yatsuna, na gane hannun Iya, irin ƙugiyar da take yi a ƙarshen kowane layi. Jakadan ya ga na tsaya. Ya ce, "Tana budurwa aka kawo ta nan. Ta yi wa sarki jirgi, ta ƙi yi masa bango. Bai manta ba."

A tsakiyar kogi ruwa ya kumbura, wasu hannaye shuɗɗa suka fito suna laluben gefen ƙwaryar, suna jijjiga ta, suna kiran sunana da muryoyin mutanen gidanmu. Na ji muryar Baba, na ji ta ƙanwata. Na danne ƙullin kayana a ƙirji, na kafa ido a kan gorar da ke hannun jakada, ban waiwaya ba har muka taɓa gaɓa.

Birnin Alli ba ya kama da wani abu da na taɓa gani, ko a littattafan kwaleji. Ganuwarsa ta hau har ta shige cikin farin sama. Soraye a kan soraye, zankwaye masu tsini kamar ƙahon barewa, duk fari, farin da ke sa ido hawaye. Ni 'yar magini ce, na san inda ake ɓoye azara a cikin bakan da ke riƙe rufin soro, amma waɗannan bakuna a kan iska suke tsaye. Na tsaya na manta da ƙunar ƙafata.

Da muka shiga zauren fada sai na ga launi, na kuma ji sauti. Bangon duka zane ne, kuma zanen yana motsi. Ga makaɗi yana dukan kalangu, ga masaƙi yana jefa ƙoshiya, ga ɗan dambe yana kai naushi, ga wata mata tana rera waƙar niƙa da muryar da ta sa tsikar jikina ta tashi. Ban taɓa ganin gwaninta irin wannan ba. Wanda ya zana makaɗin nan ya san yadda jijiya ke tashi a hannu, ya san yadda gumi ke kwanciya a wuya. Na matsa kusa don in ga yadda ya haɗa jan da baƙin, sai na lura da layin da ya kewaye shi. A rufe yake ruf. Na dubi na masaƙi, a rufe. Na dubi idanunsu. Hannuwansu suna aiki, bakunansu suna waƙa, amma idanunsu duka gabas suke kallo, suna bin layi suna neman ƙofa.

Sarki Jangarma yana zaune a kan wata karaga ta alli. Ba zan iya faɗin kamanninsa ba, domin duk inda na kafa ido sai wurin ya zama haske. Abin da na riƙe shi ne rawaninsa, wanda ke naɗe kansa yana warwarewa shi kaɗai, da muryarsa mai kama da ruwa a cikin kogo.

"Maraba da jikar Tasalla. Kin ga taskata?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Na ga gwanaye, na kuma ga kurkuku."

Fadawan suka yi gurnani, ya ɗaga yatsa suka yi shiru.

"Ya ke 'yar Adam, ku kuna yin abin mamaki sannan ku mutu, ƙasa ta cinye. Wannan makaɗi da tuni an manta da shi. Ni na tare shi a hanya, na sa aka adana shi. Laifi ne a hana kyakkyawan abu lalacewa? Kakarki hannunta ya fi na kowa a nan. Na tare kurwarta tana kan hanyar makwancinta, amma gora ba ta riƙe kurwa har abada, sai zanen ɗan Adam. Ga bango. Zana ta, ki rufe."

"Zan zana ta, don ta fita daga gorar nan," na ce. "Amma ina faɗa maka tun yanzu a gaban fadawanka, yadda aka koya mini zan yi."

Ya yi dariya, zanen bango duka ya girgiza. "Duk waɗanda suka yi waɗannan haka suka ce da farko."

Na jiƙa ƙaro, na dama shuni da jar ƙasa, na fere gawayi. Ban taɓa aiki irin na ranar nan ba. Na zana ta zaune a kan 'yar kujerarta, ƙafa ɗaya a miƙe, ƙwarya a cinya, wuƙa a hannu. Na sa tsagar da ke kumatunta, da tabon ƙuna a babban yatsa, da ɗaurin ɗankwalinta da kullum yake karkacewa hagu. Na ja layin kewaye da shuni tun daga kafaɗa, na zagayo, na zo gabas daidai gefen kunnenta, na tsaya. Saura faɗin ƙwayar gero.

Jakadan ya fasa kakin. Wani siririn hayaƙi ya fito, ya bi ta ƙofar ya shiga. Sai ƙirjin zanen ya ɗaga. Idanun suka ƙifta. Iya ta miƙe ƙafa ta yi hamma, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ja'ira, ke ce? Dubi yadda kika rame. Ba sa ba ki abinci a gidan?"

"Iya," na ce.

"Kuma wannan hancin fa? Hancina ne wannan, ko na kakanki kika ɗora mini? Kuɗin makaranta dai an yi asara."

Na yi dariya ina kuka. Sarki ya bari sai da na gama, sannan ya yi magana a hankali. "Kin ji daɗin muryar? Rufe, ki riƙa jin ta har ƙarshen ranki. Karofin nan zai zama ƙofarki, ki zo duk lokacin da kika so, ki zauna ku yi hira. Ɗigo ɗaya ne."

Ba zan ɓoye ba, buroshin ya yi nauyi a hannuna. Tun rasuwarta ba wanda ya ƙara kirana ja'ira. Na dube ta. Ita ba ni take kallo ba, makaɗin can take kallo.

"Iya, me kika ce?"

"Hannu naki ne, Barira. Ni dai na gaji."

Na juya. "Ranka ya daɗe, aikina ya ƙare. Ba zan rufe ba."

Rawanin ya daina motsi. "To ki tsaya a nan har shuni ya bushe. A birnina ba iska, rana ba ta tafiya, zai daɗe. Kuma muddin kina tsaye, allin bangon nan zai riƙa hawa hannunki. Ɗigo ɗaya zai mayar miki da shi."

Ƙafafuna suka kafe a ƙasa. Hannuna na dama ya tsaya a miƙe, bakin buroshi yana dab da ƙofar, ba abin da zan iya yi da shi sai wannan motsi guda na gaba. Sai na ji sanyi a farcena. Na duba, ya yi fari. Farin ya bi yatsu, gaɓa bayan gaɓa, kuma duk inda ya taɓa sai in ji kamar ana cusa mini ƙaya a cikin ɓargo, daga nan sai wurin ya mutu. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini.

Na kafa ido a kan layin. Ɗanyen shuni yana ƙyalli, busasshe ba ya yi. Can wajen kafaɗa ƙyallin ya fara dushewa, a hankali kamar tafiyar hawainiya.

Fadawa suka kewaye ni. Wani ya kawo ruwan sanyi a kwano ya riƙe dab da bakina. Wani ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini manyan zaurukan duniya, zanena a rataye, mutane suna layi don su gani. Wani ya raɗa mini cewa mace mai hannu ɗaya ko tuwo ba ta tuƙawa. Na ce da shi, "In ka gama, matsa, kana tare mini haske."

Allin ya wuce wuyan hannu. A nan ne Iya ta daina wasa.

"Barira, ya isa. Rufe."

"A'a."

"Ni na ce ki rufe. Na ci zamanina, na tsufa, na mutu. Zaman bango ba zai kashe ni sau biyu ba. Ke ko aure ba ki yi ba. Wannan hannun da shi za ki ci abinci."

"Ke kika ce baƙo ne, a bar masa ƙofa."

"Na janye! Tsohuwa ba ta da ikon janye maganarta?"

"Ba ki da shi. Kin riga kin ba ni, ta zama tawa."

"Kai, wannan yarinya da taurin kai take! Wa kika gado?"

"Tambayi wadda ta yi jirgin fito ta ƙi yin bango."

Sai ta ɗora ƙwaryar a gefe, ta matso iyakar inda layi ya bar ta, ta fara yi mini 'yar waƙar da take yi in tana hura wuta, ƙasa ƙasa, don in sami abin riƙewa. Matar nan mai waƙar niƙa ta ji, ta sauya murya ta bi ta. Makaɗin ya sassauta kalangu ya shiga. Kafin a jima bangon duka yana amsawa, matattun Birnin Alli suna yi wa mai rai waƙa, sautin yana hawa cikin bakunan zauren yana dawowa kamar ruwan sama. Fadawa suka ja da baya. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na san dai idona ya yi duhu ya washe, allin yana cin damtsena yana neman gwiwar hannu, ni kuma ina bin ƙyallin nan da ido yana raguwa, ya bar baya, ya bar ƙafa, ya hau cinya, ya zo wuya, ya rage ɗan tabo a gefen kunne.

Sai shi ma ya dushe.

Zauren ya yi tsit. Iya ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗauki ƙwaryarta da wuƙarta. Ta dubi hannuna ta daɗe.

"Allah ya yi miki albarka, ja'ira," ta ce. "Amma hancin nan ban yafe ba."

Ta sunkuya kamar mai shiga ƙaramar ƙofar ɗaki, ta bi ta faɗin ƙwayar geron nan ta fita. Siririn hayaƙi ya tashi ya nufi gabas, ya ratsa bango, ya bar ƙamshin ƙonannen duma. A jikin bango sai zane kawai ya rage, kyakkyawa, ba ya motsi.

Sarki Jangarma ya sauko daga karaga, abin da jakadan ya ce bai taɓa yi ba. Ya tsaya gaban zanen ya daɗe.

"Wannan ya fi su duka kyau," ya ce, "kuma ba kowa a ciki. Tafi, jikar Tasalla. Ba zan sake aika miki ba, ba na son a ƙi ni sau uku a gida ɗaya. Amma abin da alli ya ci, ya ci."

Ƙafafuna suka saku. Da hannun hagu na ɓamɓare buroshin daga cikin yatsun dama. Ina fita idanun bangon suka bar gabas suka biyo ni har ƙofa. Na tsaya gaban makaɗin na kankari layinsa da farce, ko gezau bai yi ba, hannun da ya rufe shi ya daɗe da zama ƙasa. Ya ɗan sunkuyar mini da kai, ya ci gaba da kiɗa.

Na fito daga karofin na tarar da akuyar maƙwabta tana cin ciyawa a bakin marina, ladan yana kiran azahar. Baba da ya ga hannun sai ya zauna a ƙasa. An kai ni asibiti, likita ya ƙwanƙwasa shi da biro ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. An kai ni wurin malamai, sun yi addu'a, na gode musu.

Hannuna na dama fari ne daga yatsu har gwiwa, da tauri, da sanyi. Duk abin da ya goga sai ya bar farin tabo, kuma in hadari ya taso sai na naɗe shi da fata, domin ruwa yana cin sa. Ina koyon zane da hagu, layina yana karkacewa kamar na 'yan aji ɗaya, kuma na san ba zan ƙara yin irin aikin da na bari a bangon can ba, wanda ba ɗan Adam da zai taɓa ganinsa. Na rasa hannun da na yi shekaru ina horarwa, na rasa muryar Iya da aka ce in riƙe har abada. Abin da na biya ke nan don faɗin ƙwayar gero, kuma ba a mayar mini da ko ɗaya ba.